Yadda kwanciyar jinyar ƙaba ta gajarta

Mutane da dama sun ɗauka tiyatar ƙaramin rami, wadda ake zura kyamara a ciki, ita ce ta rage tsawon jinyar ƙaba. Tarihi bai goyi bayansu ba. A shekarun 1880 Edoardo Bassini na Padua a Italiya yakan ja tsokar mara ya ɗinke ta tamau, majinyaci ya shafe makonni a gado don gudun kada ɗinkin ya ɓalle. Likita Shouldice, wanda ya buɗe asibitinsa a Toronto a 1945, shi ya riƙa tayar da majinyata su taka tun ranar aiki. A 1989 Irving Lichtenstein ya yaɗa shimfiɗa raga a kan ɓular da ƙabar ke fitowa ba tare da jan tsoka ba, zafi ya ragu sosai. Duk wannan da yankan fili aka yi.

Za a ce ai mai ƙaramin rami yana riga komawa bakin aiki. Haka ne, musamman idan ƙabar ta kama ɓangarori biyu. Amma tazarar kwanaki ce, kuma sai an sa mutum barci gaba ɗaya da kayan aiki masu tsada, alhali a yankan fili allurar kashe zafi a wurin ta wadatar. Ga manomi ko ɗan dako, gwanin likita ya fi ƙanƙantar tabo muhimmanci.