Kiɗan Gargajiyar Ayilan a kan Dalsima Mai Matakai: Nazarin Dacewa da Cikas

Tsakure

Wannan maƙala ta auna jerin amon da dalsimar tsaunukan Afalashiya ke bayarwa da amon da kiɗan gargajiyar Ayilan ke buƙata. Ta nuna cewa dacewar da ke tsakaninsu ta samo asali ne daga ƙirar matakan kayan kiɗan, ba daga gado ba, kuma cewa kiɗan rawa na tilasta wa makaɗi barin salon da aka san dalsima da shi.

1.0 Gabatarwa

Dalsima akwati ce siririya ta katako mai tsirkiya uku ko huɗu, wadda makaɗi ke ɗorawa a cinya. A samanta akwai ƙarafuna da aka gicciya, su ne matakan da ake danne tsirkiya a kansu. Ta bayyana a ƙarni na 19 a tsaunukan gabashin Amurka, a hannun jikokin 'yan ci-rani daga Sikotilan da arewacin Ayilan. Wannan ne ya sa da yawa ke ɗauka cewa daga Ayilan aka zo da ita. Ba haka ba ne. Kakarta ita ce scheitholt ta Jamusawan da suka zauna a Pennsylvania, danginta kuwa su ne langeleik ta Norwe da épinette ta Faransa. Dalsimar da aka sani a gundumar Antrim ta Ayilan daban take, da 'yan sanduna ake bugun ta.

Haɗuwar da za a iya kafa hujja da ita ta zo ne daga baya. Jean Ritchie (1922–2015), 'yar Kentucky da ta fito da dalsima idon duniya, ta sami tallafin Fulbright a 1952, ta zaga Birtaniya da Ayilan tana naɗar waƙoƙi daga bakin irin su Séamus Ennis da Sarah Makem. Littafinta na koyar da dalsima ya fito a 1963.

2.0 Inda ƙirar ta dace

Matakan dalsima ba sa bin amo goma sha biyu kamar na jita. Amo bakwai kawai suke bayarwa a kowane zango. Kiɗan Ayilan shi ma a kan amo bakwai ko ƙasa da haka yake tafiya, cikin tsare-tsare huɗu: Ayoniyan, Miksolidiyan, Doriyan da Eyoliyan. Tsofaffin makaɗan dalsima na da ɗauri ga kowanne: D-A-A, D-A-D, D-A-G da D-A-C.

A ɗaurin D-A-D, wanda ya fi yaɗuwa yau, tsirkiyar waƙa idan aka sake ta tana ba da D, daidai da amon ƙasa na sarewar kwano da uilleann, algaitar Ayilan mai salka. Ita ma uilleann tana da bututu uku masu riƙe amon D ba yankewa, don haka kunnen ɗan Ayilan bai baƙunci gunjin da tsirkiyoyin dalsima biyu ke yi a ƙarƙashin waƙa ba. Shi ya sa kiɗan taushi da na makaɗan garayar Ayilan ke zama daram. "Sí Bheag, Sí Mhór" na Turlough O'Carolan (1670–1738), makahon makaɗin nan, ya zama abin da kusan kowane ɗalibin dalsima ke koya.

3.0 Matsalar C

A nan ne aikin yake. Kiɗan Ayilan na jujjuyawa tsakanin C da C#: kiɗan da ke kan D na son C#, wanda ke kan G na son C, wasu kuma irin "Banish Misfortune" na taɓa duka biyun. Tsohuwar dalsima a ɗaurin D-A-D tana ba da C ne kaɗai a mataki na 6. Ƙarin matakin da ake kira 6½, wanda ya zama ruwan dare tun wajajen 1970, shi ya kawo C#. Da shi tsirkiyar waƙa ta mallaki amo takwas ɗin da yawancin kiɗan ke buƙata.

Sai dai faɗin kiɗan ya sake kawo wani cikas. Kiɗan rawa irin jig ko ril yakan tashi daga D na ƙasa har B na zango na biyu, wato daga sakakkiyar tsirkiya zuwa mataki na 12. Hannu ba zai iya wannan zirga-zirga da saurin rawa ba tare da amo ya gurɓata ba. Dabarar da ake yi ita ce a sauke kiɗan zango guda, a raba shi a kan tsirkiyoyin uku, ta yadda B na sama zai faɗo a mataki na 5. Amma tsirkiyar tsakiya, mai ɗaurin A, tana ba da A, B, C#, D a matakanta na farko. C ya sake ɓacewa. Makaɗi ko dai ya tsallaka mataki na 6 a babbar tsirkiya, ko ya sa a ƙara masa mataki na 1½, ko ya sake ɗauri zuwa D-G-D. Akwai kuma kafo, abin matse tsirkiyoyi: a mataki na 1 yana buɗe E, inda "Drowsy Maggie" da "Morrison's" suke, a na 3 yana buɗe G, a na 4 kuma A. A ganina D-G-D ya fi kafo a kiɗan G, domin kafo na rage tsawon tsirkiya, muryar dalsima kuwa dama can ba ta da ƙarfi.

Duk wannan na da nauyi saboda yadda ake kiɗan a Ayilan. A zaman kiɗa ana jera kiɗa biyu ko uku ba tsayawa, sau da yawa kowanne a kan amonsa. Babu wanda zai jira mai dalsima ya murɗa maɗauri.

4.0 Kwalliya da kari

Kiɗan rawa na Ayilan gajere ne, galibi kashi biyu masu gaɓa takwas-takwas, kowanne a maimaita. Jig na tafiya a 6/8, slip jig a 9/8, ril a 4/4. Francis O'Neill, shugaban 'yan sandan Chicago haifaffen gundumar Cork, ya tattara 1,850 a kundinsa na 1903, amma abin da ke kan takarda ƙashi ne kawai. Naman yana cikin kwalliyar da makaɗi ke yi: cut, ɗan amon da ke tsaga amo biyu masu kama, roll, mai kewaye amo daga sama da ƙasa, da cran na masu uilleann.

An ƙirƙiri waɗannan ne don kayan kiɗa masu jan amo, wato sarewa da algaita da goge. Amon dalsima kuwa yana fara mutuwa tun daga bugu. Salon gargajiya, inda ake zame ɗan sanda a kan tsirkiya ɗaya ana kaɗa sauran da gashin dinya, yana ba da zamiya mai daɗi da kari mai ƙarfi, kamar yadda ake ji a Galax ta Virginia, amma ba ya iya roll. Da yatsu ana iya kusantar cut ta hanyar dukan tsirkiya da fizgarta da hannun hagu. Roll kuwa gara a musanya shi da bugu uku masu sauri, kamar yadda masu banjo da mandolin na Ayilan suka daɗe suna yi. A jig, bugun ƙasa-sama-ƙasa, ƙasa-sama-ƙasa shi ke ɗora nauyi a amo na ɗaya da na huɗu. Wanda ya bi ƙasa-sama a jere zai buga amon daidai, mai rawa kuma ya rasa inda zai sa ƙafa.

Gunjin ma yana zama kaya. A kiɗan E Doriyan da ke sauka kan D ya koma, gunjin E na kafo yana goga da D fiye da yadda kunne zai jure a kowace gaɓa, sai makaɗi ya riƙa toshe tsirkiyoyin ko ya bugi ɗaya-ɗaya. A wannan matsayi dalsima ta fi kusa da buzuki, wanda Johnny Moynihan ya shigo da shi kiɗan Ayilan daga Girka a shekarun 1960, fiye da dalsimar gargajiya da J. Edward Thomas ya riƙa sassaƙawa a gundumar Knott ta Kentucky tun 1871.