Daga BTS zuwa lisans: darussan da ke mai da ɗalibi baya

A tsarin LMD da jami'o'inmu ke bi, lisans shekara 3 ce: zango 6, kiredi 180. BTS ko DUT kuwa shekara 2 ce bayan bak. Shi ya sa ƴaƴanmu na Illela, Ƙonni da Malbaza ke zaton da difloma a hannu, sai aji na 3.

Ba kullum ba. Jami'a, kamar ta Djibo Hamani a Tawa, darussan da ka yi take dubawa. Mai neman lisans ɗin tattalin arziki da bai yi lissafi da ƙididdiga ba, ana iya mai da shi aji na 2: shekara ta tafi, ga haya, ga abinci.

Mu adana takardun makin kowane zango, mu tambayi sashen tun kafin rajista.