Tarihin Ƙofar da Ke Buɗe Kanta a Rautar Gida

Duk wanda ya taɓa ɗaura kyamarar tsaro a shagonsa, sa'an nan tafiya ta kama shi, ya ɗauko waya domin ya leƙa abin da yaran shago ke yi a bayan idonsa, amma wayar ta yi ta kewaye ba ta nuna masa kome ba, to, lalle ya ɗanɗani wata mas'ala wadda ta girmi kyamarar tasa nesa ba kusa ba, ko da yake shi a zatonsa laifin mai haɗa waya ne. Asalin al'amarin yana komawa ne ga shekarar 1981, lokacin da malaman kwamfuta na Amurka suka rubuta ƙa'idar adireshin intanet da ake kira IPv4, wadda adadin adireshinta bai wuce biliyan 4 da miliyan 300 ba, adadin da a wancan zamani, sa'ad da kwamfutocin da ke haɗe ɗaruruwa ne kawai, aka ɗauka ba zai taɓa ƙarewa ba. A lokacin kowace na'ura tana da nata adireshi, kowane adireshi kuma yana da ƙofofi 65,536, kowace da lambarta, kamar 25 ta aika wasiƙu da 80 wadda daga baya aka ba shafukan yanar gizo. Jon Postel kuwa shi ne ya riƙe amanar daftarin lambobin nan har rasuwarsa a 1998.

Ba a yi nisa cikin shekarun 1990 ba sai masana suka hango cewa adireshin zai ƙare, kuma da yake larura takan tilasta wa mutum abin da bai so ba, a watan Mayu na 1994 Kjeld Egevang da Paul Francis suka wallafa wata dabara mai suna NAT, wadda su da kansu suka bayyana cewa ta wucin gadi ce kafin a sami magani na haƙiƙa. Hikimarta ita ce gida guda ya wadatu da adireshi guda a waje, na'urorin cikinsa kuwa su yi amfani da lambobi na cikin gida, irin waɗanda aka keɓe tun a 1994, masu farawa da 192.168 ko da 10. Da haka rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ta zama tamkar dattijon da ke zaune a zaure: in yaron gida ya fita da aike, dattijo ya san shi, ya kuma san ɗakin da amsa za ta shiga, amma in baƙo ya yi sallama alhali ba wanda ya aika a kira shi, dattijo bai san wa yake nema ba, sai ya ƙyale shi a tsaye har ya gaji ya tafi. Mai son baƙi su iso ga wata na'ura tasa, tilas ya shiga shafin rauta ya rubuta da hannunsa cewa duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa kaza a kai shi wurin na'ura kaza, aikin da ya gagari mafi yawan jama'a.

Domin sauƙaƙa wannan wahala ne kamfanin Microsoft ya gabatar da tsarin UPnP a 1999, aka kafa majalisar kamfanoni a kansa, kuma a 2001 aka fitar da babin da ya shafi rautocin gida. Na'ura takan yi shela ta ƙofa mai lamba 1900 tana neman mai zaure, rauta ta amsa, na'urar ta nemi a buɗe mata ƙofar da take so, a buɗe ba tare da mai gida ya ɗaga yatsa ba. Kamfanin Apple ya kawo nasa a 2005, mai suna NAT-PMP, wanda ke magana ta ƙofa ta 5351 yana kuma sanya wa kowace buɗewa wa'adi, a 2013 kuma PCP ya gaje shi.

Sai dai garin neman gira an kusa rasa ido, domin tsarin UPnP ba ya tambayar mai roƙo hujja ko shaida, ya ɗauki duk wanda ke cikin gida a matsayin amintacce, har da muguwar manhajar da ta sato hanya ta shiga kwamfuta. Tun a watan Disamba na 2001 aka gano wata kafa mai haɗari a cikinsa a Windows XP, a watan Janairu na 2013 kuma kamfanin bincike na Rapid7 ya ba da rahoton cewa adireshi fiye da miliyan 80 suna amsa shelar nan daga waje, alhali an yi ta ne domin 'yan gida kaɗai. Saboda haka wasu masu ƙera rauta suka koma sayar da ita da tsarin a kashe.

Ana nan kuma, ranar 3 ga Fabrairu 2011, hukumar IANA ta raba ragowar adireshin da ke rumbunta, kamfanonin sadarwa suka ƙara dogara ga gina nasu babban zaure a gaban na kowa, inda gidaje masu yawa ke tarayya a adireshi guda, har a 2012 aka keɓe musu lambobi daga 100.64 zuwa 100.127. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da galibinmu ta layin waya muke samun intanet.

Wanda ya fahimci wannan silsila ya san inda zai fara bincike. Da farko ya shiga shafin rauta ya tabbatar tsarin UPnP a kunne yake, sa'an nan ya dubi adireshin da rautar ta samu daga waje: in ya fara da 192.168, mai yiwuwa wata rauta ce a gabanta, sai a mai da ɗayarsu gada kawai. In kuwa ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko lambar ta saɓa da wadda duniya ke ganinsa da ita, to, ƙofar tana hannun kamfani, ba abin da zai danna a gida ya buɗe ta, sai ya nemi adireshi na kansa a wurinsu. Haka nan in an ɗauke wuta an maido, na'ura takan sami sabuwar lamba alhali tsohon umarni yana nuni ga ta da, kuma na'urorin wasa biyu sukan yi jayayya a kan ƙofa guda, kamar 3074 ta Xbox.

Maganin haƙiƙa da aka yi ta jira, wato IPv6, an ƙaddamar da shi ga duniya ranar 6 ga Yuni 2012, amma har yau bai game ko'ina ba. Kafin ya iso gidanka, ya kai mai karatu, ka riƙa duba jerin ƙofofin da rautarka ta buɗe, wadda ba ka san mai ita ba ka rufe ta.