James Bond Bayan Mutuwar Mai Shi: Hukuncin Masu Karatu da Ma'aunin Jalalaini

Ian Fleming ya mutu a watan Agustan 1964, ya bar littattafai 14 a kan ɗan leƙen asirin Ingila James Bond. Magadansa ba su bari jarumin ya bi shi kabari ba. A 1968 kamfanin Glidrose, mai riƙe da haƙƙin mallakar littattafan, ya fito da Colonel Sun, wanda Kingsley Amis ya rubuta da sunan aro, Robert Markham. Daga nan kan masu karatu ya rabu. Matar Fleming, Ann, na cikin waɗanda abin bai kwanta musu ba, kuma har yau akwai masu ganin duk abin da bai fito daga alƙalamin Fleming ba jabu ne.

John Gardner ya karɓi aikin a 1981, ya rubuta labarai 14 kafin ya ajiye a 1996. Ya ɗauko Bond ya dasa shi a shekarun 1980, ya raba shi da motarsa Bentley ya ba shi Saab, tsofaffin masoya kuwa ba su yafe masa wannan ba. Raymond Benson, Ba'amurke, ya biyo baya daga 1997 zuwa 2002. An yaba masa sanin tarihin jarumin ciki da waje, an kushe ƙarfin rubutunsa.

Mai karatu a Kiru ko Bebeji, wanda wataƙila a fim kaɗai ya san Bond, yana da ma'aunin da zai auna wannan gardama, don ya taso da littafin da mutum biyu suka rubuta. Tafsirin Jalalaini, wanda malamai ke buɗewa a masallatan Tudun Wada da Doguwa duk watan azumi, Jalaluddin al-Mahalli ne ya fara shi daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshen Alƙur'ani, ya haɗa da Fatiha, sannan ya rasu a 1459. Ɗalibinsa Jalaluddin as-Suyuɗi ya cike ragowar, daga Baƙara zuwa Isra'i, cikin kwana 40. Haka Ishiriniyar da ake rerawa a watan Maulidi: baitocin asali na Alfazazi ne, tahamisin na Ibnu Mahib. Ba ana daidaita darajar waɗannan littattafai da labarin leƙen asiri ba ne, nesa ba kusa ba. Ƙa'idar da suka kafa ce abin dubawa. A duka biyun an san wanda ya fara, an san wanda ya ɗora, an san daidai inda hannu ya sauya, kuma na biyun ya bi awon na farko ba tare da ya ɓoye sunansa ba. Shi ya sa ba wanda ke kiran rabin Suyuɗi jabu.

Da wannan ma'auni, littafin da ya fi rauni shi ne wanda ya fi nacewa a kan kwaikwayo. A 2008, don cikar shekara 100 da haihuwar Fleming, Sebastian Faulks ya fitar da Devil May Care, bangonsa na sanar da cewa yana rubutu ne a matsayin Ian Fleming. Ya bi har tsarin aikin mamacin, kalma 2,000 a rana, ya gama cikin mako shida. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, amma da yawa sun karanta sun ce kayan Fleming suna nan, motoci da abinci da mugun abokin gaba, shi Fleming ɗin ne babu. Rigar aro ce, kuma ba ta zauna ba.

William Boyd ya bi wata hanya a Solo, na 2013. An haife shi a Akara a 1952, ya yi ƙuruciya tsakanin Gana da Nijeriya. Ya mai da labarin 1969, ya tura Bond mai shekara 45 wata ƙasa ta Afirka ta Yamma da ya ƙirƙira, Zanzarim, inda ake yaƙin basasa a kan yankin da ke da man fetur. Duk ɗan Nijeriya zai gane Biyafara ake nufi. Wasu masoya sun yi ƙorafin cewa labarin yana tafiyar hawainiya, harbe-harben sun yi kaɗan. Ƙorafin na da tushe, amma Boyd ya kawo abin da Fleming ba shi da shi: ya san yunwar yaƙi da yadda kamfanonin mai ke juya gwamnatoci. Inda ya gaza shi ne ɓoye sunan ƙasar. Yaƙin da ya ci rayuka masu yawa daga 1967 zuwa 1970 ya cancanci a ambace shi da sunansa.

Anthony Horowitz, da littattafansa uku daga 2015 zuwa 2022, ya fi samun karɓuwa. A biyun farko ya yi amfani da wasu rubuce-rubucen Fleming da ba a taɓa bugawa ba, ya kuma bayyana wa mai karatu ɓangaren da ya ɗauko.

Abin da ya fi kowane ci gaban labarin Bond tayar da ƙura ya faru ne a 2023, lokacin da kamfanin da ke riƙe da haƙƙin mallaka ya sake buga littattafan Fleming na asali bayan an cire ko an sauya kalmomin ƙasƙanta baƙar fata, musamman a Live and Let Die na 1954. Kalmomin munana ne, kuma mai karatu ɗan Afirka ne aka zaga da su. Duk da haka malaman zaure ba sa goge matani: suna barinsa yadda mai shi ya rubuta, su yi gyara da raddi a gefen shafi. Bugun 2023 ya sanya gajeriyar sanarwa a farko cewa an yi sauye-sauye, amma a cikin shafukan bai nuna wa mai karatu jimlolin da aka taɓa ba.