Ajiyar jinin cibiya: wa yake amfana da ita?

A al'adar Hausawa, da zarar an yanke cibiyar jariri, ungozoma kan ɗauki mabiyiya ta binne ta a wani lungu na gida. Likitoci kuwa sun gano cewa ɗan jinin da ke saura a cikin igiyar cibiya da mabiyiya yana ɗauke da ƙwayoyin halitta na asali, irin waɗanda ke cikin ɓargo, masu haifar da jajayen ƙwayoyin jini da fararen da ke kare jiki daga cuta.

Ana ɗibar jinin ne bayan an ɗaure cibiya an yanke ta, don haka babu zafi ga uwa ko jariri. Yawansa da kyar yake cika ƙaramin kofin shayi. A ɗakin gwaji ake tantance shi, a daskarar da shi cikin ruwan naitirojin mai sanyin kusan digiri 196 ƙasa da sifiri, inda zai iya shekaru masu yawa bai lalace ba.

A shekarar 1988 aka yi dashen farko da irin wannan jini, a asibitin Saint-Louis da ke Paris, ƙarƙashin Farfesa Eliane Gluckman. Majinyacin yaro ne ɗan shekara biyar mai cutar ƙarancin jini ta gado da ake kira Fanconi, kuma jinin cibiyar ƙanwarsa aka dasa masa. Tun daga lokacin ake amfani da shi wajen maganin sankarar jini, gazawar ɓargo, da wasu cututtukan gado.

Ga Najeriya, inda batun ya fi nauyi shi ne amosanin jini, wato sikila. An ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar a kowace shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadonta. Dashen ƙwayoyin asali na iya warkar da ita baki ɗaya. An fara yin sa a ƙasar nan a 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye, da ɓargon ɗan'uwan majinyacin. A Jami'ar Abuja ma akwai cibiyar bincike da horarwa kan cutar, wadda Farfesa Obiageli Nnodu ta jagoranta.

Sai dai a nan ne iyaye ke bukatar lura, domin tallar kamfanonin ajiya ba ta cika fayyace wannan ba. Jinin cibiyar yaron da aka haifa da sikila ba zai warkar da shi ba, tunda lahanin gadon yana cikin jinin da aka adana. Haka nan likitoci ba su son mayar wa yaro mai sankarar jini nasa jinin, saboda ana iya samun tushen cutar a ciki tun daga haihuwa. Wanda ya fi amfana shi ne wa ko ya mai jinya, idan aka haifi ƙani wanda bai gaji cutar ba. Ko a nan ma sai alamomin jikinsu da ake kira HLA sun dace, kuma damar cikakkiyar dacewa tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ita ce ɗaya cikin huɗu. Ga kuma ƙarancin ƙwayoyin: ajiya guda kan wadatar da yaro, amma sau da yawa ba ta isar babban mutum.

Saboda haka ne ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fifita bayar da jinin kyauta ga ma'ajiyar jama'a, irin wadda aka kafa a New York a farkon shekarun 1990, a kan biyan kuɗin ajiya ta ƙashin kai, in ba akwai mai jinya a gidan ba. Dacewar HLA tana bin asalin mutum, kuma 'yan asalin Afirka sun yi ƙaranci a rajistocin duniya, abin da ya sa aka buɗe rajistar masu ba da ɓargo a Enugu a 2012.

Ta fuskar doka, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta sayar da jini ko sassan jikin ɗan Adam, yayin da dokar 2021 ta kafa hukumar kula da harkokin jini ta ƙasa mai hedikwata a Abuja. Iyalin da ke da yaro mai sikila, kuma uwar tana da juna biyu, ya kamata su tuntuɓi likitan jini tun ana awon ciki, domin dole a tanadi kayan ɗiba kafin ranar haihuwa. Su kuma tambayi inda za a ajiye jinin, da kuɗin da za a riƙa biya duk shekara, da asibitin da zai karɓe shi idan ranar dashe ta zo.