Haɗa sana'o'i a wasan Dungeons & Dragons: Asalin dokar da abin da ake jayayya a kai

Dungeons & Dragons wasa ne da ake yi a zaune gaban tebur, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi guda a cikin wani ƙagaggen labari, jagoran wasa yana warware labarin yana yanke hukunci, ƙwayar lido kuma ita ke tabbatar da nasara ko faɗuwa. Kowane jarumi yana da sana'arsa: mayaƙi, matsafi, ɓarawo da sauransu, yana kuma hawa mataki-mataki har zuwa na 20. Haɗa sana'o'i shi ne a bar jarumi ɗaya ya raba matakansa tsakanin sana'a biyu ko fiye.

Dokar ta sha sauyi. A littafin 'yan wasa na 1978, jaruman da ba 'yan Adam ba ne kaɗai ke iya riƙe sana'o'i biyu a lokaci guda. Ɗan Adam sai dai ya ajiye ta farko ya kama wata. Bugu na uku, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2000, ya buɗe ƙofa ga kowa, amma ya rage ladan wanda sana'o'insa suka yi wa juna rata. A bugu na biyar, na 2014, dokar ta zama zaɓi: sai jagora ya amince, kuma sai jarumi yana da aƙalla maki 13 a baiwar da kowace sana'ar ke buƙata.

Masu goyon baya suna cewa labari ne ke amfana. Ɓarawon da ya tuba ya koma hidimar addini yana buƙatar doka da za ta nuna wannan sauyi. Suna kuma tunatar da cewa taura biyu ba ta taunuwa: mayaƙi tsantsa yana samun hari na biyu a mataki na 5, matsafi tsantsa yana samun tsafin dunƙulen wuta, amma wanda ya raba matakan uku da biyu ba ya samun ko ɗaya.

Masu adawa kuwa suna nuni da cewa wasu sana'o'in sun tara alherinsu a matakin farko. Misalin da ya shahara shi ne Hexblade, wanda ya fito a littafin Xanathar's Guide to Everything a 2017: mataki ɗaya tak yana ba jarumi damar kai hari da kwarjininsa a madadin ƙarfin damtse. Wanda ya haddace littattafai zai ɗebi irin wannan riba ya wuce, sabon shiga kuma ya zauna yana kallo ana cinye yaƙi ba tare da shi ba.

Saboda haka jayayyar ta adalci ce tsakanin mutanen da ke zaune a tebur ɗaya. Jagorori da dama suna bin tsaka-tsaki: su yarda da haɗin idan yana da dalili a cikin labari, ko su jinkirta shi har mataki na 5. Kowace hanya aka zaɓa, ana so a tattauna ta da kowa kafin zaman farko, domin dokar da aka sauya bayan ɗan wasa ya shafe watanni yana gina jaruminsa ita ce ke watsa tebur.