Haruffa Masu Lanƙwasa da Gadon Tsohuwar Kwamfuta

Manhajojin da ke tsara fina-finai da waƙoƙi, irin su Sonarr da MusicBrainz Picard, sukan sauya wa fayil suna domin komai ya zauna a muhallinsa. A wajen wannan aiki ne ake cire wasu alamomi, kuma an daɗe ana haɗa abu biyu mabambanta a kwando ɗaya: alamar da na'ura ta haramta da gaske, da harafin da kawai ba ta saba da shi ba. Tarihi ya nuna cewa na farko dole ne, na biyu kuwa al'ada ce da zamaninta ya wuce.

Tushen matsalar shi ne tsarin lambobin haruffa na ASCII da aka fitar a Amurka a 1963, mai gurabe 128 kacal, wanda aka yanka daidai da bukatar Ingilishi. Daga baya MS-DOS ya ƙayyade sunan fayil da haruffa 8 da ƙarin 3, har sai da Windows 95 ya buɗe ƙofar dogayen sunaye. Amma har gobe Windows ba ya karɓar alamomi 9 a cikin suna, ciki har da ɗigo biyu, alamar tambaya da tauraro, domin kowace tana da aikinta a cikin tsarin. Fim ɗin da sunansa ke ɗauke da ɗigo biyu, ba makawa a cire shi ko a musanya shi da wata alama, kamar karan ɗori. Wannan ba a ja da shi.

Haruffanmu kuwa ba su taɓa shiga wannan jeri ba. Tun shekarun 1930 ɓ, ɗ da ƙ suka zauna a rubutun boko, a zamanin da Rupert East ke jagorantar hukumar talifi a Zariya, wadda ta fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Sabon tsarin lambobin haruffa na Unicode ya bayyana a 1991, hanyar adana shi ta UTF-8 ta biyo baya a 1992, kuma kowane harafinmu yana da lambarsa, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar. Sai dai akwai tarko: é ta Faransanci tana rabuwa gida biyu, a cire alamar a bar e, amma ƙ ba ta rabuwa haka. Don haka manhajar da aka gina a kan wannan dabara kaɗai takan goge harafin ɗungurungum, ko ta dasa alamar tambaya a gurbinsa. Ko an dace ta mayar da shi k, waƙar da ke magana a kan baƙi ta koma magana a kan baki.

Masu tura waƙoƙi a memori za su ce rediyon mota da tsofaffin wayoyi ba sa nuna waɗannan haruffa, kuma mai nema ba ya buga lanƙwasa. Gaskiya ne, amma magani a nan shi ne a gyara injin bincike ya gane k da ƙ tare, a kuma yi wa tsohuwar na'ura kwafinta daban. Cire lanƙwasa abu ne na daƙiƙa ɗaya, mayar da ita kuwa sai an sami mai jin Hausa ya bi fayil ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka wajibi ne duk mai adana fina-finai da waƙoƙin Hausa ya kashe zaɓin da ke musanya haruffan da ba na ASCII ba, ya bar asalin suna yadda masu shi suka raɗa.